Baba Tsohon Soja Ya Rasu: Yadda Za Ku Tattara Tarihinsa Kafin Gara Ta Riga Ku

A gidaje da yawa in tsohon soja ya rasu, kwana uku ana zaman makoki, duk wanda ya shigo sai ya ce "ai Samanja mutumin kirki ne, ba ya son wargi", a yi addu'a a watse. Bayan shekara goma ka tare jikansa ka ce wace bataliya kakanka ya yi, ina da ina aka kai shi, sai ya ce maka shi dai ya ji ana cewa ya je yaƙi. Wane yaƙin? Oho. Alhali mutumin nan ƙila ya taka Kwango, ya yi yaƙin basasa tun daga farko har ƙarshe, ya dawo ya riƙe gida mai 'ya'ya goma sha wani abu da fanshon da ba kullum yake zuwa kan lokaci ba. Aikin tattara tarihinsa ba ya buƙatar digiri, waya mai kyamara ce da littafin rubutu da haƙuri da tsofaffi, sai kuma hanzari, don takardun suna lalacewa, waɗanda suka san shi kuma su ma tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko: a sauke haƙƙoƙi tukuna

Kar ka soma maganar tarihi ana tsakiyar maganar bashi. A biya bashin da ake binsa, a zartar da wasiyya in ya bari, wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba, sannan a raba gado. Dalilin da ya sa na sako wannan a gaba shi ne akwatinsa da lambobin yabonsa da hotunansa duk na magada ne, ba naka kai kaɗai ba ne don kawai kai ne ɗan boko. Ka tara 'yan'uwa, musamman in gidan ɗakuna biyu ne ko uku, ka ce ga abin da nake so in yi, kwafi zan ɗauka, na ainihin kuma mu yanke shawarar wanda zai ajiye. In ka ɗauke akwati ba sallama, wallahi ko da niyyarka ta fi nono fari sai an ce takardun fili ka je nema.

Sai fansho. A karɓi takardar shaidar rasuwa, a sanar da Hukumar Fanshon Soja da ke Dutsen Alhaji a Abuja, kar a ci gaba da zarar kuɗi da katinsa ana cewa ai ba wanda zai sani. Ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya, wato Nigerian Legion, da ke jiharku zai iya nuna muku hanya, kuma ka riƙe wannan ofishin don za mu dawo kansa. Wanda marigayi ya rubuta a takardun aiki a matsayin magajinsa, shi ne hukuma za ta nema, amma a shari'a wannan bai sa kuɗin ya zama nasa shi kaɗai ba.

Mataki na biyu: buɗe akwatin

Kusan kowane tsohon soja yana da akwatin ƙarfen nan, baƙi ko kore, an rubuta sunansa da lambarsa da farin fenti, yana ƙarƙashin gado ko an ɗora masa tarkace a lungu. Ku buɗe shi da rana, ku biyu ko uku, a shimfiɗa tabarma mai tsabta a inuwa, hannu a bushe. Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoton cikin akwatin yadda yake, don yadda ya jera kayansa ma wani labari ne, abin da ya naɗe a leda ya sa can ƙasa shi ne ya fi daraja a wurinsa.

Abin da za ka nema: takardar sallama daga aiki, ita ce uwa, don a nan ake samun ranar shiga, ranar fita, muƙamin da ya fita da shi da rundunarsa. Sai katin shaida, takardun kwas, takardun ƙarin girma, wasiƙu, katin asibiti, hotuna, lambobin yabo, hula, bel, da ɗan littafin aljihun da ya dinga rubuta ranar haihuwar 'ya'ya da wanda yake bi bashi. Wasu da ajami suka yi rubutunsu, kar ka ɗauka laya ce ka ture gefe, ka kai wa malamin da ya iya ya karanta maka.

Gargaɗi biyu a nan kuma ba wasa nake ba. In kun ci karo da harsashi ko wani ƙarfe mai kama da gurneti, kar yaro ya taɓa, kar kai ma ka ce bari in gwada, a sanar da bariki mafi kusa ko 'yan sanda su zo su ɗauka. Na biyu, kakin nan kar wani saurayi a gidan ya ce zai saka ya fita a ɗauke shi hoto a titi, doka ta hana farar hula saka kakin soja, kuma sojan da zai tare shi ba zai tsaya jin cewa na Baba ne ba.

Wajen ɗaukar kwafi, ka shimfiɗa takarda a kan farin ƙyalle kusa da taga, ka kashe fitilar kyamara, ka ɗauka daga sama tsaye ba a karkace ba, gaba da baya, don bayan hoto sau da yawa ya fi gabansa amfani, nan ake samun hatimin mai hoto da garin da shekarar. In akwai shagon da ke da na'urar sikanin ka kai, amma ka tsaya a kansu har su gama. Kar ka yarda a yi wa tsohuwar takarda laminatin, zafin na'urar yana cinye tawada kuma in an liƙe ba a ɓarewa. Kar a manna salatif a inda ya yage, bayan 'yan shekaru sai ya bar jan tabo. Hoton da ya manne da gilashin firem a bar shi haka, a ɗauke shi ta cikin gilashin, in ka ja fuskar ce za ta biyo gilashi. Kowace takarda a sa ta a ambulan ɗinta, a rubuta bayani da fensir a jikin ambulan ɗin, a ɗaga akwatin daga ƙasa a ɗora kan benci ko bulo nesa da bango, saboda gara da danshin damina. In akwai kaset da muryarsa a ciki, wannan ka ɗauke shi kamar ƙwai, ka nemi rediyo mai aiki ka gwada ta da wani kaset ɗin daban tukuna kar ta cinye zaren, sannan ka kunna ka naɗa a waya a ɗaki shiru.

Mataki na uku: karanta abin da ka samu

Lambar aiki ita ce mabuɗi. Ta ƙananan sojoji za ka gan ta da shekara a gaba, irin su 63NA ko 79NA, ta hafsoshi kuma N ce sai lamba. Kurtu a Defo na Zariya ake horar da shi, wurin yana nan tun 1924, to in ka ga hoton samari an yi musu ƙwal-kwabo sun jeru, mai yiwuwa daga nan ne. A hoto ka duba hannun riga, igiya ɗaya las kofur, biyu kofur, uku saje, da wannan kaɗai za ka iya jera hotunansa daga na farko zuwa na ƙarshe ko babu kwanan wata. In ana buƙatar cikakken bayanin aikinsa a hukumance, ofishin adana bayanan sojojin ƙasa yana Lakwaja, sai dai ka tafi da lambar da shaidar cewa kai ɗansa ne, ka kuma tafi da haƙuri.

Yanzu sai ka ɗora shi a kan tarihi, nan ne aikin yake daɗi. In kakanku ne na zamanin Turawa kuma ana ce masa ɗan Boma, to Yaƙin Duniya na Biyu ne, an kafa runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma a 1943, aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan suka shiga dazukan Boma suka gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka kama Myohaung a Janairun 1945. Lambar wannan yaƙin tauraro ce mai tsini shida, an rubuta The Burma Star a jikinta, ƙyallenta ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe. Kafin nan ma, a 1941, sojojin Najeriya sun yi yaƙi da Italiyawa daga Somaliya har cikin Habasha. Sunayen barikokinmu ma suna ba da labarin, barikin Myohaung a Legas, Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Mogadishu a Abuja, a Gana kuma ga Burma Camp a Ankara. Barikin Bukavu na Kano sunan wani gari ne a Kwango, inda sojojinmu suka yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya tsakanin 1960 da 1964. Wanda kakansa ya tafi Boma bai dawo ba, ya duba shafin intanet na Commonwealth War Graves Commission, ana neman mamata da suna, amma ka gwada rubutu iri-iri don Bature yadda ya ji haka ya rubuta, kuma sau da yawa sunan gari ake maƙala wa mutum, Musa Sakkwato, Garba Katsina, ba sunan mahaifi ba.

In yaƙin basasa ne, daga 6 ga Yulin 1967 zuwa 15 ga Janairun 1970, sunan garin da ya fi ambata zai gaya maka inda ya yi. Nsukka da Inugu da Umuahia, wannan hanyar runduna ta ɗaya ce ta Muhammadu Shuwa. Benin, Asaba, ƙetaren kogin Kwara zuwa Anaca, da kwanton ɓaunar Abagana a Maris ɗin 1968, runduna ta biyu ce ta Murtala. Boni, Kalaba, Fatakwal, ta uku ce ta Benjamin Adekunle wadda daga baya Obasanjo ya karɓa. Na baya-bayan nan kuma akwai Labanon daga 1978, Cadi a 1981 zuwa 1982, ECOMOG, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya daga Agustan 1990, Saliyo, Bakasi, Darfur daga 2004, sai arewa maso gabas da har yanzu ake kai.

Mataki na huɗu: bakin mutane, kuma wannan ne ya fi gaggawa

Takarda za ta iya jiranka wata shida in ka adana ta, tsoho ɗan shekara tamanin da biyar kuwa ba ka da tabbas. Don haka ka jera sunaye daga wanda ya fi tsufa ko ya fi rashin lafiya. Iyaye mata dai a bar su su gama takaba, wata huɗu da kwana goma, sai dai in su suka soma zancen da kansu, to ka saurara, in ka fita ka rubuta.

In lokaci ya yi kar ka je da takardar tambayoyi kamar ɗan jarida. Ka je da goro ko ɗan abin taɓawa, ka gaisa sosai, ka nemi izini, "Inna, zan ajiye wayar nan tana ɗaukar hirarmu don jikoki, in akwai abin da ba kya so a ajiye ki ce in kashe." Ka sa wayar a yanayin jirgi kar kira ya katse, ka kashe fanka, ka fara da faɗin ranar da sunan wanda kuke hira. Kuma kar ka ce "ba ni tarihin Baba", amsar da za ka samu ita ce mutumin kirki ne Allah Ya jiƙansa, shi ke nan. Tambaya ƙarama ita ke jawo dogon labari. "Inna, ranar da ya dawo daga Laberiya wa ya fara ganinsa, me kika dafa?" "Da yana bakin daga wa ke kawo muku albashi, ya kuke yi in ya makara?" "Gwaggo, da ya ce zai shiga soja me Kaka ta ce?" "Kawu, da gaske ne gudu ya yi daga gida ya tafi Zariya?" Ka miƙa mata hoto ka yi shiru, ita za ta ce wannan ai a barikin Rukuba ne, wannan na gefensa Bazuru ne, matarsa ce ta karɓi haihuwar yayarka. In ta yi kuka kar ka yi saurin canza magana, kuma kar ka matsa. Awa ɗaya ta isa, gobe ma rana ce.

Tsofaffi ba sa riƙe shekara da lamba, da abin da ya faru suke riƙewa, sai kai ka mayar. In ta ce lokacin da fam da sule ake biyansu, kafin Janairun 1973 ke nan da aka kawo naira. In ta ce shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama, 1972. "Ina da cikin wane aka kashe Murtala", 13 ga Fabrairun 1976. Da irin wannan za ka gyara har shekarun haihuwar da aka yi ta ƙiyasi a gidan.

Kowane ɗaki a ji ta bakinsa. Uwargida ta san shi yana kurtu ba shi da komai sai tabarma da buta, amarya ta san shi bayan ya yi ritaya ya yi sanyi ya zama mai kai jikoki makarantar allo, 'ya'yan fari sun san bel da tsallen kwaɗo, 'yan auta sun san alewa a aljihun jamfa. Duk shi ɗin ne, in ka ɗauki ɓangare ɗaya ka bar ɗaya ka yi rabin aiki kuma ka tayar da ƙura.

Sai abokan aikinsa, su ne suka san abin da bai taɓa faɗa a gida ba. A ofishin Nigerian Legion za ka same su ko ka sami wanda ya san inda suke, haka ma wurin taron Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya da ake yi duk 15 ga Janairu. Da yawansu ba Musulmi ba ne, mutanen Langtang ne da Zuru da kudancin Kaduna da Numan, Hausar bariki ce ta haɗa su, sun ci a kwano ɗaya sun kwana a rami ɗaya. Ka je har gida ka gaishe su da "ranka ya daɗe", ka ambaci lambar Baba da bataliyarsa, za ka ga yadda tsoho zai gyara zama. Ziyarar nan ma kanta ibada ce, ya tabbata a hadisi cewa sada zumunci da abokan mahaifi yana cikin mafi girman biyayya gare shi.

Mataki na biyar: rubutawa ba tare da ƙarin gishiri ba

Shafi biyar zuwa goma ya wadatar. Ka fara da asalinsa, garinsu, iyayensa, karatunsa, sai shiga soja, wuraren da ya yi aiki bi da bi, aure da 'ya'ya, ritaya da sana'ar da ya kama bayanta, gadi ne ko noma ko tireda, sai halayensa, sai rasuwa. Kowane labari ka rubuta wanda ya ba ka, "in ji Gwaggo", "haka yake a takardar sallama". In mutum biyu sun saɓa ka kawo duka biyun, ba sai ka zama alƙali ba.

Abin da nake roƙo shi ne kar a mayar da kofur kanar, kar a ce shi kaɗai ya kama gari, kar a cika shi da labarin layar ɓata da harsashi ba ya huda shi in ba shi ya faɗa ba, in ma shi ya faɗa a rubuta cewa haka ya ce. Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu yana tuƙa motar abinci zuwa bakin daga ko yana ɗaure raunuka bai buƙatar a ara masa jarumtar wani. Yaƙi kuma ba wasan ƙwallo ba ne, a basasa an kashe farar hula, abin da ya faru a Asaba a Oktoban 1967 sananne ne, yunwa ta kashe yara ba adadi, shi ya sa da yawa cikinsu suka dawo ba sa son zancen. In Baba yana firgita cikin barci, ko ƙarar abin fashewar da yara ke wasa da shi tana sa shi zabura, ko ya yi shekaru yana fama da zafin rai, ni a ganina a rubuta a taƙaice cikin mutunci, don jikoki su san abin da yaƙi ke yi wa mutum, amma sai iyaye mata sun yarda. Abin da ya zama tonon asiri ne zalla, a bar shi inda Allah Ya rufe, an hana mu zagin matattu.

Kafin ka raba, ka zauna ka karanta wa manyan gidan da ƙarfi. A nan za a ce a'a ba Jos ba ne Bauci ne, ka manta da ƙanwarsa da ya riƙe, ka gyara.

Mataki na shida: rabawa da ajiyewa

Ka buga kwafi a takarda ko guda ashirin ne, kowane ɗaki ya samu, a kai ɗaya garinsu na asali. Ka karanta shi da murya ka tura a guruf ɗin WhatsApp na dangi saboda waɗanda ba sa karatun boko. Amma WhatsApp ba ma'aji ba ne, waya tana faɗuwa ko a sace komai ya tafi, ka zuba hotunan da muryoyin a Google Drive, ka tura wa mutum biyu ta imel, ka kuma sa a filashi a jefa cikin akwatin. Sunan fayil ya zama mai ma'ana, shekara da wuri da waye a ciki. In za ka sa wani abu a Facebook ka rufe lambar aikinsa da bayanan fansho da na banki, 'yan damfara suna bin irin wannan su kira gwauruwa su ce akwai sauran garatuti a turo kuɗin fom. Maganar rataya hotonsa a bango kuwa malamai sun yi saɓani, kowane gida ya bi abin da ya natsu da shi, albam a cikin akwati ba ya jawo gardama.

Abin da zai isa gare shi a kabari dai addu'ar 'ya'ya ce da sadaka mai gudana, don haka in an haɗa kuɗin buga littafi a ware wani abu a gefe. Ba sai rijiyar burtsatse ba in ba hali, gyaran famfon masallacin da yake salla, dashen bishiya a maƙabarta, ko ɗaukar kuɗin makarantar maraya ɗaya cikin 'ya'yan sojojin da suka rasu a bakin aiki, ga su nan da yawa a bayan barikoki. A naɗa mutum ɗaya mai riƙon akwatin, a rubuta sunansa a guruf kowa ya sani, duk shekara bayan damina ya buɗe ya shanya kayan a inuwa ya duba ko gara ta shiga, in an sami sabon hoto ko wani tsoho ya tuno wani abu a ƙara a cikin fayil ɗin a sake tura wa kowa.